Ranar Da Muka Sauka Da Igiya A Kwazazzabon Mujib

Duk wanda ya shigo zaurenmu a Garwa idonsa kan faɗa kan wani hoto da ke jikin bango: dattijo mai furfura a gemu, da hular kwano a ka, yana reto a jikin igiya, ruwa na kwarara a kansa. An tambaye mu labarin hoton nan ya fi a ƙirga, mu kuwa kullum sai mu ba da rabi mu ɓoye rabi. Yau dai za mu ba da shi duka, har da wurin da ba mu cika son faɗa ba.

A watan Mayu na 2017 ne muka je ƙasar Jodan domin duba ɗan ƙanenmu da ke karatu a birnin Amman. Tare muka tafi da wani amininmu, Alhaji, ɗan kasuwa daga Marwa. Da muka kwana huɗu sai yaron ya ce, "Baffa, gobe zan kai ku yawon rafi." Mu a zatonmu irin zaman bakin Binuwai ne da la'asar, a shimfiɗa tabarma a sha iska. Ba mu tambaya ba, shi ma bai ƙara bayani ba.

Da asuba muka kama hanya. Amman a kan tuddai take, saboda haka tun da muka fita gari mota ke gangara, har kunnuwanmu suka toshe kamar na wanda ke cikin jirgin sama. Can sai muka wuce wani allo a gefen titi da ke nuna cewa nan ne daidai da bakin teku, amma gangarar ba ta ƙare ba. Sai da muka ƙara sauka fiye da mita 400 kafin muka isa Tekun Gishiri, wanda Larabawa ke kira Mataccen Teku ko Baharu Luɗ. Babu wata busasshiyar ƙasa a duniya da ta kai gaɓarsa zurfi. Gishirinsa ya kusa ninka na sauran tekuna sau 10, shi ya sa kifi ba ya rayuwa a ciki. Kuma tekun janyewa yake yi, kimanin mita ɗaya kowace shekara, domin ana kwashe ruwan kogin Jodan tun kafin ya iso, kamfanonin haƙar gishirin taki kuma suna busar da nasu kason a kudu.

Bayan tafiyar kimanin kilomita 90 muka tsaya a wata gada, inda kogin Mujib ke fitowa daga tsakanin duwatsu ya faɗa tekun. Wurin gandu ne da aka keɓe tun 1987, faɗinsa murabba'in kilomita 212, kuma a 2011 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da take kula da halittunsu. A nan ne muka gane abin da yaron nan ya shirya mana. Ba zama za a yi a bakin rafi ba. Cikin rafin za a bi, ta tsagin dutse, a taka inda ake takawa, a yi iyo inda ya yi zurfi, inda ruwa ya faɗa daga sama kuwa a sauka da igiya. Turawa na kiran wannan wasa kanyonin, mu dai sai mu ce bin kwazazzabo. Wanda ya taɓa zuwa kwazazzabon Kola kusa da Gider, inda Mayo Luti ya rarake dutse, zai gane fasalin wurin. Bambancin shi ne, Kola da rani ake shiga lokacin da ruwa ya janye, Mujib kuwa ruwansa ba ya yankewa.

Aka miƙo mana takarda mu sa hannu. Sharuɗɗan a fili suke: ba a shiga da wanda bai kai shekara 18 ba, kuma dole mutum ya iya iyo. Mu dai a Binuwai muka koyi iyo muna yara, ko da yake an yi shekaru rabonmu da shi. Alhaji kuwa mun san sarai bai iya ba, don shi da bakinsa ya sha gaya mana cewa ruwan da ya wuce gwiwa ba nasa ba ne. Muka dube shi, ya dube mu, ya ɗauki alƙalami ya sa hannu. Ya ji kunyar ya ce ba zai iya ba a gaban yaro, mu kuma muka ji nauyin mu tona shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Masu ja-gora su biyu ne, samari, babban cikinsu da ƙyar in ya kai shekara 30. Suka sa muka tuɓe manyan riguna, muka rage daga wando sai taguwa. Aka ba kowa rigar ruwa mai hana nutsewa, da hular kwano, da wata ɗamara mai zagaye ƙugu da cinyoyi. Daga nan muka fara hawan dutse a rana, domin sai an zagaya ta sama kafin a faɗo wa kogin. Mu da muka san zafin Garwa a watan Afrilu ba mu ɗauka wata rana za ta ba mu mamaki ba, amma zafin wannan rami dabam ne, iska ma kamar nauyi gare ta. Ba inuwa, ba ciyawa, sai farin dutse da ja. Ja-gora ya nuna mana kashin awakin dutse masu dogon ƙaho da ke zaune a gandun, su kansu dai ba mu gan su ba.

Da muka gangaro bakin kogin sai ka ce wata ƙasa muka shiga. Ga kyauro kore shar, ga wani itace mai jan fure wanda aka gargaɗe mu kada mu kai ganyensa baki don guba ne, ga wasu baƙaƙen tsuntsaye masu ja-ja a fiffike suna fito kamar makiyaya. Muka tsunduma ƙafa, ruwan ba sanyi can ba, ƙananan kifaye suka taru suna tsattsagar mana ƙafa. Muka bi ruwa muna gangarawa, bangayen dutse na ta matsowa suna ƙara tsawo, har sama ta koma kamar zare. Tun muna jin wani gurnani daga nesa har ya kai sai mun ɗaga murya kafin mu ji juna. Sai kawai muka ga kogin ya ƙare a gabanmu. Faɗawa yake yi ƙasa, kimanin mita 20, wato tsawon bene mai hawa shida.

A nan babban ja-gora ya zaunar da mu ya yi mana darasi, yaronmu na fassarawa. Ya nuna mana ƙusoshin ƙarfe da aka kafa cikin dutse, inda ake ɗaura igiya. Ya nuna wani ɗan ƙarfe mai siffar lamba 8, wanda ake zura igiya ta cikinsa a naɗe, sannan a maƙala shi a ɗamara da ƙugiya mai makulli. Ya ce duk asirin abin gugar igiya ne a jikin ƙarfen nan. Nauyin mutum yana kan ɗamara, ba a kan hannunsa ba. Hannun dama yana riƙe da jelar igiya a bayan ƙugu, shi ne birki: in ka matse ka tsaya, in ka sassauta ka sauka. Igiyar ma ba irin ta masu hawan dutse ba ce mai miƙewa, wannan ba ta cika miƙewa ba, don kada mutum ya riƙa tsalle kamar guga a rijiya. Akwai kuma igiya ta biyu wadda shi zai riƙe daga sama, ko da mutum ya saki tasa. Faransawa na kiran wannan sauka rafel, kuma ana danganta farkonta ga wani ja-gora na garin Shamoni a Faransa, Jean Charlet-Straton, wanda ya yi amfani da ita wajen saukowa daga tsaunin Dru a shekarun 1870.

Yaronmu ya fara sauka, muna kallo har hularsa ta ɓace. Sai aka ce mu ne. To jama'a, a nan ne wuyar take. Ana so mutum ya juya wa ramin baya, ya buɗe ƙafafu, ya kwanta da baya a kan iska kamar mai jingina da kujerar da babu ita. Duk gaɓoɓin jiki cewa suke yi a'a. Muka tsaya a baki, gwiwa na kaɗawa, muna tuna iyali, muna tambayar kanmu me ya kawo mai jikoki nan. Saurayin nan ya dube mu ya ce, "Ya Hajji, kada ka dubi ƙasa, ni za ka duba. Zauna." Shekara da shekaru mu ke ba yara umarni, ran nan yaro ya ba mu, muka bi.

Taku biyar na farko lafiya lau. A na shida ƙafarmu ta taka gansakuka ta zame, kafaɗa ta bugi dutse, ruwa ya sauko mana a ka kamar ana juye buhunan tsakuwa. Abin da aka ce kada mu yi shi muka yi: muka saki birki muka cafke igiyar sama da hannu biyu. Da igiya ɗaya ce, da yanzu wani ne ke ba ku labarin nan. Sai muka ji ɗamara ta ƙanƙame mu, mun tsaya cak a sarari. Igiya ta biyu ce ta riƙe. Muka lalubo jelar igiyarmu, muka kafa tafin ƙafa a bango, muka ci gaba kaɗan-kaɗan har muka ji ruwa a ƙugu. A daidai lokacin da muke reton nan ne yaronmu ya ɗauki hoton da ke zaure. Masu cewa mun yi jarumtaka, yau kun ji gaskiya.

Alhaji ya sauko bayanmu, kuma abin mamaki ya fi mu iyawa, ko zamewa bai yi ba. Amma ƙarƙashin mafaɗar ruwan akwai gurbi mai zurfi, inda ruwa ke juyawa yana komawa gindin dutse. Sai an yi iyo kaɗan kafin a kai tudu. Da aka kwance shi daga igiya ya nemi ƙasa da ƙafa bai samu ba, sai ya firgice. Rigar ruwa ta ɗago shi, amma juyin ruwan ya mayar da shi ƙarƙashin kwararar, ya sha, ya sake sha. Ƙaramin ja-gora ya yi tsalle ya kamo shi ta wuyan riga ta baya, ya jawo shi kan wani fa. Abin bai fi minti ɗaya ba, amma mu a wurinmu ya yi tsawon wuni.

Da Alhaji ya gama tari ya dawo hayyacinsa, saurayin ya durƙusa gabansa, ba faɗa ba tsawa, ya ce, "Ammi, da ka gaya mini, da na ɗaura maka igiya na jawo ka, ko kuwa mu bi da kai ta gajeriyar hanya. Ba kai kaɗai ka sa a hatsari ba, har da ni." Alhaji ya sunkuyar da kai. Mu ma muka sunkuyar, don laifin namu ne mu biyu. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Mu sai muka kwashi kunyar gida muka kai ta daji, ta kusa cin ran mutum.

Sauran hanyar tsakanin bangaye ja masu zane-zane muka bi, wani wuri a riƙe igiyar da aka kafa, wani wuri a zauna ruwa ya tura mutum ta kan santsin dutse. Ja-gora ya nuna mana wani guntun itace da ya maƙale a tsagi, can sama da kawunanmu nesa, ya ce ambaliya ce ta ajiye shi. Shi ya sa ake rufe hanyoyin ruwan daga ƙarshen Oktoba sai Afrilu. Ruwan sama na iya zuba a kan tuddai nesa, ku kuna cikin rana tsaka, sai dai ku ji ƙara. Mutanen Marwa ba sa bukatar dogon bayani, sun san yadda Mayo Kaliyawo kan kwana yashi ya wayi gari kogi. Shekara guda da 'yan watanni bayan tafiyarmu, ranar 25 ga Oktoba 2018, ambaliya ta auka wa wani kwarin da ke arewa da Mujib, Zarƙa Ma'in, ta kashe fiye da mutum 20, akasarinsu yara 'yan makaranta da suka je yawon buɗe ido. Ministoci biyu suka ajiye aiki a kan haka. A Suwizalan ma, a watan Yuli na 1999, mutum 21 suka mutu a kwazazzabon Saksetbak, uku daga cikinsu masu ja-gora ne.

Da azahar muka fito ƙarƙashin gadar da muka bari da safe, jiƙe sharkaf, gwiwa duk ƙurji. A bakin fitar akwai ɗan shingen da ke tare ruwan a tura shi cikin bututu, domin Jodan na cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin ruwa a duniya, kuma wani kaso na ruwan nan da ya kusa shanye Alhaji, tace shi ake yi a kai wa mutanen Amman su sha. Da muka gaya masa haka sai ya yi dariya karo na farko, ya ce ai shi ya riga su shan rabonsa.

Ga samarinmu da ke karatu ko fatauci a ƙasashen waje, masu aiko mana da hotunan irin waɗannan wasanni, ba mu ce kada ku je ba, wurin ya cancanci gani. Amma ku bi ja-gora wanda ya san wurin, ku tambaya ko akwai igiya ta biyu, ku dubi sama kafin ku shiga, kuma abin da ba ku iya ba ku faɗa tun a bakin ƙofa. Iyaye kuma, damina in ta kama, a ja wa yara kunne kan wasa cikin mayo, ko da ba a ga hadari a gari ba.

Alhaji dai tun da muka dawo ya sa aka koya wa jikokinsa iyo, shi kuwa har yau yana nan a kan bakansa na ruwan gwiwa. Da izninsa muka rubuta wannan.