Wasa mahuji: da hannu ko da inji?

A Filinge ba a yar da mahujin ƙarfe don ya dakushe. Mai kyau daga Yamai ake kawo shi, tafiyar kilomita kusan 180, saboda haka mai walda da ke gyara mana teburan makaranta ko haɗa amalanke sai ya wasa nasa har ya gajarce kamar ɗan yatsa. Yanzu kuma ƙananan injunan washi sun fara shigowa: ka cusa mahujin a rami, ka murza, ka zaro shi da kaifi. Musu ya tashi tsakanin masu sana'ar, kuma tun da benci talatin na ajinmu ke jiran a huda musu ƙafafu, ni ma ina da bakin magana.

Aikin ya fi yadda ake zato wuya. Mahuji mai murɗe, irin wanda Ba'amurke Stephen Morse ya yi wa rajista a 1863, leɓe biyu gare shi. Dole tsawonsu ya zo ɗaya, su haɗu a kusurwa mai digiri 118, ko 135 idan ƙarfen da za a huda mai tauri ne. Bayan kowane leɓe kuma sai an ɗan zabtare shi, in ba haka ba mahujin ya yi ta gogar ƙarfe yana ƙara ba ya ci. Idan leɓe ɗaya ya fi tsawo, ramin ya fi ƙima faɗi, kusa ta yi ta rawa a ciki, kafin ƙarshen shekara yara sun karya bencin.

Malamin walda namu da ido yake yi. Ya kan kara mahujin a jikin dutse mai juyawa, ya ɗan saukar da gindinsa, ya janye kafin bakin ya yi shuɗi don zafi. Gwajinsa ne ya fi burge ni. Sai ya haɗa noti biyu gefe da gefe, ya sa bakin mahujin a tsakaninsu. Noti gefe shida gare shi, gurbin da biyu suka bari digiri 120 ne cif, biyu kacal ya ɗara abin da ake nema. Bai taɓa zama a aji ba, amma wannan lissafin ne nake shan wahalar koya wa ƴan aji shida. Tun daga nan noti biyu ba su rabuwa da aljihuna ranar darasin kusurwa.

Duk da haka ba na cikin masu raina inji. Siririn mahuji na milimita 3 ko 4 ya fi ƙarfin idon dattijo, kuma yaron shago ya kan cinye mahuji da yawa a dutse kafin hannunsa ya faɗa. Wa zai biya wannan asarar? Sai dai ƙananan injunan galibi a milimita 13 suke tsayawa, dutsensu idan ya cinye ba a samunsa a kasuwar Lahadi, alhali dutsen shago ana iya juya shi ko da hannu in babu wuta.

Na ce wa malamin ya sayi injin don sirara, manya kuwa yara su ci gaba da koyo a dutse. Ya ce, "To Malam, a fara biyan kuɗin bencin tukuna."