Wane ƙamus ne zai koya maka Sifaniyanci?

Tambayar nan ta yi yawa a saƙonnin da ɗalibai ke aiko mini, musamman masu neman gurbin karatu a Sifaniya da masu shirin jarrabawar Sifaniyanci ta DELE. Kusan kowa so yake in ce masa ya nemi ƙamus ɗin RAE, magana ta ƙare. Ni kuwa ba shi nake fara ba mutum shawara a kai ba.

RAE ita ce cibiyar kula da harshen da ke Madrid. An kafa ta a 1713, ta fitar da ƙamus ɗinta na farko cikin kundi shida tsakanin 1726 da 1739, bugu na 23 kuma ya fito a 2014, ga shi nan kyauta a intanet. Ba wanda ke ja da matsayinsa. Sai dai an rubuta shi ne don wanda ya tashi da harshen a bakinsa. Bayaninsa gajere ne, misalansa kaɗan, kuma sau da yawa sai ka nemi kalma ɗaya ya bayyana maka ita da wasu uku da ba ka taɓa ji ba. Ɗan koyo sai ya yi ta kewaye, daga ƙarshe ya ɗauka kansa ne ba ya ja, alhali littafin ne ba nasa ba tukuna.

Mafi yawanmu ta Turanci ko Faransanci muke shiga wannan harshe, don haka ƙamus mai harshe biyu shi ne matakin farko. Masu Turanci akwai Collins da Oxford, 'yan uwanmu na Nijar kuma akwai Larousse, kuma su sun fi mu samun sauƙi tunda Faransanci da Sifaniyanci duk daga Latin suka fito. Amma sunan kamfani bai isa ba, domin kowannensu yana da ɗan ƙarami na aljihu wanda jerin kalmomi ne kawai. Idan littafin yana hannunka, gwada shi kafin ka biya kuɗi.

Buɗe wajen quedar. Wannan aikatau yana nufin saura, yana nufin yin alkawarin haɗuwa, yana nufin tufa ta dace da jiki, idan kuma aka ce quedarse ya zama tsayawa a wuri. Ƙamus nagari zai raba maka waɗannan, kowanne da cikakkiyar jimla. Idan ka ga ya jera fassara huɗu da waƙafi a tsakani ya wuce, mayar wa mai kanti kayansa. Sannan ka nemi fui. Siga ce ta shuɗaɗɗen lokaci, kuma ta aikatau biyu ce, ser da ir. Wanda ya ci karo da ita a labari ba shi da hanyar sanin tushenta sai ƙamus ya nuna masa. Duba kuma ko yana sa jinsi a gaban kowane suna. Nan Bahaushe yana da riba a kan mai Turanci, don mu ma sunayenmu suna da namiji da tamace, ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Amma ƙarshen kalma yana yaudara: problema namiji ne, mano tamace.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne alamar ƙasa. Meziko ta fi Sifaniya yawan masu magana da harshen nesa ba kusa ba, ga Kolombiya da Ajantina, ga Ikwatoriyal Gini nan kusa da mu. Kwamfuta ordenador ce a Madrid, computadora ce a Meziko. Wannan mai sauƙi ne. Akwai aikatau coger, wanda a Sifaniya da shi ake ɗaukar kaya ake hawa mota, amma a Ajantina da Meziko batsa ce. Ƙamus ɗin da bai gargaɗe ka a kan irin wannan ba, zai sa ka ji kunya a gaban mutane.

Masu sayen tsofaffin littattafai a kasuwa, ku lura da shekarar bugu. Kafin 1994 ana jera ch da ll a matsayin haruffa masu zaman kansu, sai ka nemi chico a cikin c ka rasa, ashe yana can gaba.

Da zarar ka fara karanta jarida, ka koma ƙamus mai harshe ɗaya da aka yi don masu koyo, irin Diccionario Salamanca na 1996. Bayan shi sai na María Moliner, wanda nake ƙauna ƙwarai. Ma'aikaciyar ɗakin karatu ce, uwar 'ya'ya huɗu, ta zauna a gidanta tana cike katuna kusan shekara 15, har kamfanin Gredos ya buga aikin cikin kundi biyu a 1966 da 1967. Ta sa masa suna ƙamus na amfani, kuma haka yake: yana gaya maka kalmar da ke tafiya da wata, da wadda ta fi dacewa a wane muhalli. A 1972 an gabatar da sunanta don shiga RAE, ba a zaɓe ta ba. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Wanda ba shi da kuɗin littafi, WordReference a waya yana yin aiki mai kyau, yana da misalai da jadawalin aikatau. Manhajar fassara kuwa amsa ɗaya take miƙa maka ba tare da dalili ba, ta fitar da kai yau, gobe ka sake tambayarta abu ɗaya. Wanda kuma ya nufi Latin Amurka, ya haɗa da Diccionario de americanismos na 2010, shi ma kyauta ne a intanet.