Ƙasar Salbador, inda ake ɗaura auren shinkafa da wake

Can ƙetaren teku, a tsakiyar nahiyar Amurka, akwai wata ƴar ƙaramar ƙasa da ake kira Salbador. Faɗinta kilomita murabba'i 21.000 ne, watau wajen rabin jihar Maraɗi ke nan. Amma mutanen da ke cikinta sun kai miliyan 6. Tana iyaka da Gwatemala da Honduras, kudu kuma sai tekun Fasifik. Babban birninta San Salbador. Ƙasa ce ta tuddai da duwatsu masu aman wuta, kuma harshen Ispaniya suke yi, don Turawan Ispaniya ne suka mallake su har shekarar 1821.

Baƙon da ya kwana a ƙauyen wannan ƙasa, da safe abin da za a aje masa a gaba shinkafa da wake ne. Su suna ce masa "kasamiyento", ma'anarsa aure. Sunan kuwa ya dace. Wake ɗan gari ne, shinkafa baƙuwa ce wadda ta zo cikin jiragen ruwan Turawa. Waken nasu ba irin namu ba ne mai baƙin hanci. Ja ne wur, ƙanana, fatarsa mai laushi, har suna kiransa waken siliki.

Shaidar daɗewar wake a can tana nan a wani wuri da ake kira Hoya de Seren. Wajen shekara ta 600 wani dutse ya yi aman wuta, toka ta rufe ƙauyen baki ɗaya. Mutane sun samu sun gudu, amma sun bar kayansu. A 1976 wata motar gyaran fili ta tono bangon ɗaki. Da masana suka shiga tono, sai ga tukwane da wake a ciki, ga gonakin masara da kunyoyinsu kamar jiya aka bar su. A 1993 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya.

To, ga yadda uwargida take yin auren nan. Aikin kwana biyu ne. Ran farko ta tsince waken, ta wanke, ta zuba a tukunya da ruwa mai yawa, da rabin albasa da tafarnuwa. Ta bari ya tafasa sosai, sannan ta rage wuta ya yi ta dahuwa sannu sannu har ya yi laushi, ta sa gishiri. Ba ta zubar da ruwan, don shi ne ran abincin. A ranar iyali za su sha wake da romonsa, wani lokaci a fasa ƙwai a ciki. Shinkafa kuma dabam ake dafa ta, a fara soya ta cikin mai da albasa kafin a zuba ruwa.

Washegari ne ake ɗaura aure. Ta aza kasko, ta sa mai kaɗan, ta soya albasa da ɗanyen tattasai. Ta zuba waken jiya da ludayi guda na romonsa, ta ɗan farfasa wasu da bayan cokali. Sai ta kawo sauran shinkafar da ta kwana, ta juye, ta yi ta motsawa har shinkafa ta shanye romo ta rine ta yi ja. Wadda ta kwana ta fi, don sabuwar dahuwa tana caɓewa. Wasu gidaje suna sa man alade, amma kowane mai yana yi. Ana ci da soyayyar babbar ayaba, da cuku mai taushi, da ƙwai in akwai hali. A gefe kuma ga tortiya, wata waina mai kauri ta masara. Ita masarar sai an dafa ta da farar ƙasa, an wanke, an niƙa, kafin a gasa a bisa faifan yumɓu. Ragowar jiya ce dai, amma mace mai hannu takan maida ita abin da baƙo zai nemi ƙari.

Dahuwa ba ta da wuya. Samun waken ne magana. Damina a can tana somawa cikin watan Mayu ta ƙare a Oktoba. Manomi yakan shuka masara da ruwan fari. Wajen Agusta, in masara ta ƙosa, sai ya karya kararenta ya lanƙwasa su don zangarniya ta bushe, ya shuka wake a tsakani. Daga wannan shuka ta biyu ake samun mafi yawan waken shekara. Amma tsakiyar damina akwai wani tsaikon ruwa da ke zuwa a Yuli ko Agusta. In ya daɗe, an shiga uku. Haka aka yi a 2014 da 2015, da kuma 2018, gonaki da yawa suka ƙone, musamman a gabashin ƙasar.

Bayan ruwa kuma ga maganar fili, wadda ta fi tsufa. A 1881 da 1882 gwamnati ta yi doka ta soke filayen da ƙauyuka ke nomawa tare, don a samu wurin dashen kafe da ake saidawa waje. Filaye masu kyau suka koma hannun gidaje kaɗan, talaka ya koma ɗan ƙodago, ko ya hau gangaren tudu da ƴar gonarsa. A 1932 manoma suka yi tawaye a yammacin ƙasar, wajen garin Isalko, sojojin Janar Martines suka kashe dubbai. Daga 1980 zuwa 1992 aka yi yaƙin basasa, mutane wajen 75.000 suka rasa rayukansu. Masu yawa sun yi gudun hijira zuwa Amurka, kuma har bayan yaƙi samari ba su daina tafiya ba.

Yau kuɗin da ƴan cin rani ke aikowa gida babban ginshiƙi ne. A 2023 sun zarce dolar Amurka miliyar 8, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na arzikin ƙasar. Tun 2001 ma dolar ce kuɗin da ake kashewa a kasuwa. Kuɗi sun shigo, amma hannuwan noma sun ragu. Wake da ake nomawa ba ya isa, sai an cika da na Nikaragwa. Shinkafa kuwa mafi yawanta daga waje take zuwa. Shi ya sa uwargida a kasuwar San Salbador, in ta tsaya gaban mai awo tana tambayar kuɗin "libra" guda, watau ƙasa da rabin kilo kaɗan, amsar da za ta ji tana rataye ga ruwan da ya sauka a gonar wata ƙasa.