Amanar da ke Cikin Keji



Wata huɗu ke nan da na fara kiwon ƙananan aku guda biyu, irin waɗanda Turawa ke kira bajariga. Ɗalibaina na Islamiyya da suka gan su sun yi ta tambaya ko halal ne, kuma yaya ake yi tsuntsu ya saba da mutum har ya hau hannunsa. Na ga ya dace in amsa tambayoyin biyu a wuri guda, domin tushensu ɗaya ne.

Game da hukunci, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA) cewa ƙanensa Abu Umair yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, kuma Manzon Allah (SAW) yakan tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. Malamin Shafi'iyya Ibnul Ƙass ya ciro fa'idodi 60 daga wannan hadisi, Ibn Hajar kuma ya kawo su a Fathul Bari, ciki har da halaccin ajiye tsuntsu. Sai dai littattafan nan biyu su ne suka kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Ke nan duk wanda ya rufe ƙofar keji ya ɗora wa kansa ci da sha da lafiyar abin da ke ciki.

Asalin wannan tsuntsu Ostireliya ne, inda yake yawo cikin garke na ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. Masanin tsuntsaye John Gould ya kai shi Ingila a 1840, daga nan ya bazu a gidajen duniya. Nauyinsa bai wuce giram 30 zuwa 40 ba, kuma a daji shaho da ire-irensa ke farautarsa. Saboda haka idan ya ga hannu ya taho masa daga sama, abin da zuciyarsa ke gaya masa shi ne ajali ya zo. Wanda ya cafke shi da ƙarfi don ya saba da shi, tsoro kawai yake koya masa.

Hanyar da na bi ita ce sannu. A makon farko ban sa hannu a kejin ba sai don canza ruwa da abinci. Nakan zauna kusa da su bayan la'asar ina duba darasin gobe da murya ƙasa-ƙasa, har suka daina firgita da muryata. A mako na biyu na riƙa miƙa zangarniyar gero ta tsakanin ƙarafan kejin. Da suka fara ci, sai na shigar da hannun ciki, in tsaya cak na minti biyar ko goma. Sai a mako na shida namijin ya taka yatsana. Macen kuwa har yau takan yi shawara kafin ta hau. Biyu sun fi ɗaya jinkirin sabo da mutum, amma sun fi samun natsuwa, domin halittar garke ce.

Ga abubuwan da sabon mai kiwo ya kamata ya kiyaye. Tsuntsun yana ɓare ƙwayar gero ya bar ɓawon a cikin kwano, sai ka ga kamar kwanon cike yake alhali babu abinci. Ka hure ɓawon kullum. Gero kaɗai ba ya isa, a haɗa masa da ganye da karas. Fiya da cakulan guba ne a gare shi. Hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro na iya halaka shi, domin numfashin tsuntsu ya fi namu saurin zuƙar abin da ke cikin iska. Yana bukatar barcin awa 10 zuwa 12 a wuri mai duhu. Yana kuma ɓoye ciwo, don haka idan ka ga ya kumbura gashi ya zauna a ƙasan keji, ka nemi likitan dabbobi a ranar.

Wajen saye ma akwai amana. Babban akun nan mai jar wutsiya ya ragu ƙwarai a dazukan Afirka saboda kamu, har taron yarjejeniyar CITES na 2016 a Afirka ta Kudu ya hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Ka nemi tsuntsun da aka ƙyanƙyashe a gida.

Ɗan'uwa, wannan tsuntsu kan rayu shekara biyar zuwa goma. Kafin ka biya kuɗinsa, ka tambayi kanka wa zai zuba masa ruwa ranar da ka koma makaranta ko ka yi tafiyar Sallah. Idan ba ka da amsa, ka bar shi a hannun mai shi, ba ka yi asarar komai ba.

Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya sa mu sauke amanar da muka ɗauka. Wassalam.