Yini Guda A Bakin Tekun Faransa: Daga Nis Zuwa Firejus

Jama'a, da farko niyyata ita ce in huta ranar Lahadin nan, domin kwana huɗu muka yi ana taron 'yan jarida a birnin Nis, ƙafa ta gaji, ido ya gaji. Amma uwargidana, wadda ta rako ni wannan tafiya, tun muna gida ta ƙulla nata nufin. Asalin iyayenta mutanen Damagaram ne, kuma akwai wan kakanta da Faransawa suka ɗauka soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi bai komo ba. Abin da aka gaya wa dangi kawai shi ne ya rasu a Faransa. Ba takarda, ba hoto, sai suna.

"Malam," in ji ta, "mu zo har nan, in koma in ce wa Inna ban ko duba ba?"

Saboda haka da sassafe muka karɓi motar haya muka miƙa yamma. Tuƙi bai ba ni wahala ba, tun da su ma hannun dama suke bi, kamar yadda muka koma a Nijeriya tun 1972. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yawan shataletale, da kuma yadda mai tafiya a ƙasa zai sa ƙafa a titi bai ko waiga ba, ya tabbata za ka tsaya. Lalle kuwa tsayawa ake yi.

Bahar Rum yana hannunmu na hagu, shuɗi kamar an rina shi a marinar Ƙofar Mata. Bakin ruwan Nis ba yashi, duwatsu ne 'yan mulmulallu, amma Turawa na kwance a kansu suna shan rana kamar bisa katifa. Muka wuce Antib, muka isa Cannes, wanda a bakin Faransawa "Kan" ake ji, inda ake bikin finafinai na duniya tun 1946. Ba mu daɗe ba. Wurin ajiye mota kuɗi, shayi kuɗi, inuwar lema ma kuɗi. Uwargida ta leƙa farashin wata jaka a tagar kanti, ta juya shi zuwa naira a zuciyarta, ta ja hannuna muka koma mota ba ta ce uffan ba.

Bayan Cannes ne ƙasar ta nuna kanta. Hanyar da aka buɗe a 1903 ta shiga duwatsun Esterel, ta riƙa nannaɗewa kamar maciji, dutse a dama, rami da teku a hagu. Duwatsun jawur suke, kamar jan ƙasar da ake yaɓe da ita a gida, sun gangara sun tsoma ƙafa cikin ruwa. Wanda ya taɓa hawan Panshin ko gangaren Asob zai gane irin riƙon sitiyarin da nake nufi, sai dai can ba teku a ƙarƙashinka. Masu kekuna kuma sun cika hanyar, tsofaffi masu furfura, ba damar ka matsa musu oda. Sau uku muna tsayawa don kallo, ko da yake na lura hankalin uwargida ba ya wurin.

A Dramont muka tarar da jirgin ruwan saukar da soja an girke shi a bakin hanya don tunawa. Nan ne sojan Amurka suka sauka ran 15 ga Agusta, 1944. Rundunar Faransa, wadda yawancin mayaƙanta daga Afirka aka kwaso su, ta sauka can gaba ta yamma, kuma kafin ƙarshen watan ta ƙwace Tulon da Marsai daga hannun Jamus. Baƙaƙen cikinsu ana kiransu sojan Sanigal, alhali kuwa akwai Bambara da Mosi da Zabarmawa da Hausawa. Sunan ne ya bi rundunar tun kafa ta a 1857.

Kaɗan gaba sai maƙabartar Boulouris, wadda Janar de Gaulle ya buɗe a 1964. Mutum 464 ke kwance a wurin, gicciye na Kirista a jere da allunan Musulmi masu rubutun Larabci, ciyawa a share, ba ko kara. Uwargida ta ɗauki layi ɗaya, na ɗauki ɗaya. Aikin ya fi yadda muka zata, domin magatakardan Faransa yadda kunnensu ya ji suke rubuta suna, sai ka furta da ƙarfi sau biyu kafin ka gane Mamadu ne ko Amadu. Fiye da awa guda muna sunkuye. Sau ɗaya ta kira ni da murya tana rawa, na zo muka duba tare, sunan farko ya yi daidai, na uban bai yi ba.

Ba mu same shi ba. Muka tsaya muka karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu ga waɗanda muka samu.

A nan ne Shugaba Macron ya tsaya a 2019 ya roƙi magadan gari su sa wa tituna sunayen sojan Afirka. Magana ce mai kyau, amma a ganina ta makara ƙwarai. Baƙaƙen cikinsu, kafin shekarar 1944 ta ƙare, an janye su daga fagen daga, an miƙa kayansu ga farar fata, ba su shiga Jamus tare da masu nasara ba. A 1959 kuma aka daskarar da fanshon waɗanda suka rayu, ya tsaya cik shekara da shekaru, na takwarorinsu Faransawa yana ta hawa.

La'asar ta same mu a Firejus, garin da tun lokacin Yaƙin Duniya na Farko ake kai sojan Afirka su yi hunturu, don sanyin arewa yana kashe su. A bayan gari, cikin itatuwa, kwatsam sai ga masallaci ja mai hasumiyoyi irin na Jenne ta ƙasar Mali. Misiri ake kiransa, watau masallaci da Bambaranci, an kuwa gama shi a 1930 don a rage wa sojojin kewar gida. Da siminti aka yi shi, har itatuwan da ke tsirowa a jikin bango na siminti ne, kuma tsakiyarsa ba rufi. A gefe an gina 'yan tsibin suri na ƙarya, wai don wurin ya yi kama da Afirka. Na yi dariya, sa'an nan dariyar ta tsaya mini a wuya.

An kewaye shi da shinge, ƙofa a kulle. Muka yi alwala da ruwan gora, muka shimfiɗa darduma a gindin wata bishiya daga waje, muka yi salla. Da muka idar uwargida ta daɗe tana kallon ginin.

"Watakila ya taɓa tsayawa nan," in ji ta.

Na ce Allah ne masani. Ta ɗebi 'yar ƙasa ta ƙulle a bakin gyalenta, ta ce ta Inna ce. Komowa ba mu bi bakin teku ba, muka hau babbar hanya ta biyan kuɗi, domin ƙarfe bakwai aka ce a mai da mota.