Ido Ba Mudu Ba Ne

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, William Stanley Jevons, ya taɓa auna iyakar wannan sani da idonsa, ya buga abin da ya samu a mujallar Nature a shekarar 1871.

Gwajin nasa ba shi da tsada. Yakan ɗebi baƙin wake ya watsa cikin wani ɗan farin akwati, ya yi masa kallo ɗaya, ya faɗi yawan ƙwayoyin da suka faɗa ciki, sa'an nan ya bi su ɗaya-ɗaya ya ƙirga. Haka ya yi ta yi har sau 1,027, kuma a nan dole a yaba wa haƙurinsa. In ƙwayoyin uku ne ko huɗu, bai taɓa kuskurewa ba. Daga biyar kuskure ya soma shigowa. Da suka haura goma, sau da yawa yakan faɗi ƙasa da abin da ke cikin akwatin.

Ashe bayan huɗu ido ba ya ƙirga, kintace yake yi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa kintacen ya dogara ne ga yawan abin da ake kwatantawa. Mai sayen goro a kasuwa nan take zai bambanta kashi mai 10 da mai 20. Amma a ajiye masa tsibi mai 100 da mai 110, sai ya sa hannu ya ƙirga, alhali ratar goman nan ce dai.