Karatu Na Biyu

A wani gari na ƙasar Zazzau akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda ya aje aiki ya zauna gida. Ran nan da damina ruwa ya hana shi fita, sai ya shiga kwance wani tsohon akwatinsa na ƙarfe, ya tarad da wani ɗan littafi ƙarƙashin takardu, bango ya yage, gara ta ci gefe guda. Ko da ya duba, ashe Shaihu Umar ne, wanda aka karanta musu a aji cikin 1964.

A wancan lokaci ba ya son littafin nan ko kaɗan. Cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, yara sun fi son Ruwan Bagaja na Abubakar Imam saboda wayon Alhaji Imam da Malam Zurƙe, da kuma Ganɗoki na Bello Kagara saboda yaƙi. Shi kuwa Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta sa'ad da yana malami a Bauci, tafiyar raƙumi yake yi, ba gaggawa, ba ban dariya. Abin da ya sa yara ke saurara kawai shi ne mai littafin a lokacin shi ne Firayim Minista, kuma malami na riƙe da bulala.

To, dattijo ya gyara tabarau ya soma karatu, ruwa na zuba bisa kwano. Ga Shaihu zaune a Rauta, almajirai sun tambaye shi asalinsa, shi kuwa yana ba su labari a hankali: yadda aka haife shi a Kagara, uba ya rasu, uwa ta auri Makau, mahassada suka sa aka kori Makau ya koma Maƙarfi, uwa ta tafi Fatika ganin iyayenta, aka sace yaro a bayanta. Da ya zo kan sunan Maƙarfi sai ya dakata, domin ƙauyensu ba shi da nisa da can. Nan da nan ƙanshin ruwan rake da ake dafawa a yi mazarƙwaila ya faɗo masa a rai. Ya tuna dandali da farin wata, da wutar kara ta makarantar allo da asuba cikin hunturu, da ƙarar taɓarya daga bayan danga tun kafin gari ya waye. Mai dakan nan kuwa mahaifiyarsa ce.

Shi ɗan fari ne, saboda haka bisa al'ada ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma wasa da shi gaban mutane. Ran da aka zo ɗaukarsa zuwa makarantar kwana ba ta fito ba, sai ta aiko ƙanwarsa da ƙulli, mazarƙwaila da ƙuliƙuli a ciki. Ya hau mota yana fushi, yana cewa a ransa ba ta damu da shi ba. Cikin 1971, yana kwalejin horon malamai, ta rasu, takarda ba ta iske shi ba sai bayan sadakar bakwai. Da ya je gida gwaggonsa ta gaya masa, shekara bakwai ɗin nan duk ran kasuwa sai marigayiya ta aiki yaro tasha ya tambayi direbobi ko wani ya ga ɗanta. Ya ji maganar, amma ƙuruciya ba ta bar ta ta shige shi ba.

Sai yanzu ta shige shi. Da yana yaro ya ɗauka littafin labarin yaro ne da ya je Masar ya zama malami. Ashe rabinsa labarin uwa ne, wadda ta bar gida neman ɗanta, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetare hamada da ita har Tarabulus, ba ta sami ganinsa ba sai ajali ya matso. Mai littafin bai ƙawata wannan da kuka ko kirari ba, ya faɗe shi ne kawai yadda ya faru, kamar yadda mutanen da ke faɗin babban abu da ƙaramar murya. Dattijo ya ga lalle irin muryar gidansu ke nan, inda ake nuna ƙauna da aiki, baki kuwa ya yi shiru. Uwar Umar ta taka hamada, tasa uwar iyakarta tasha, amma abin da ya kai su guda ne. Ya rufe littafin, ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya yi mata addu'a.

Da ruwa ya ɗauke sai ya kira jikarsa, wadda aka sa wa sunan marigayiya, shi ya sa ba ya kiranta sai da Inna. Ya ce, "Inna, zo ki ji labari." Ta zauna, ya karanta mata shafi uku. Ta yi hamma ta ce, "Kaka, yaushe za a fara faɗan?" Ya yi murmushi ya ce, "Babu faɗa, je ki wasanki." Ta tashi a guje.

Bai mai da littafin cikin akwati ba. Ya nemi takarda mai kauri ya yi masa sabon bango, ya rubuta sunan yarinyar a ciki, ya aje shi kan kanta inda hannunta zai kai in ta ƙara tsawo.